Zaitun a Bayan Waya

Ana ta yaɗawa a garinmu Tawunat wai sabon alƙali yana ɗaure duk wanda ya taka gonar wani. Na wuce shekarun yarda da "wai", sai na je kotun na zauna a bakin ƙofa kusa da wani tsoho da wani mai kwat.

"Baba, me ya kawo ka?" in ji mai kwat.

"Itacena. Kakana ya sayar da gona, bai sayar da zaitun ɗin cikinta ba. Yanzu wani ɗan birni ya saya ya kewaye da waya. Yau ko a bar min itacena ko in kwana a gidan yari."

"Ai abin da ke kan ƙasa na mai ƙasa ne."

"A birninku. Mu nan itace da mai shi."

"To ta ina ka shiga?"

"Ta inda na saba."

"Ba waya a wurin?"

"Da na iso dai akwai." Tsohon ya dube shi. "Kai fa, ɗana? Na ga zancen waya ya dame ka."

"Nawa daban ne. Ni matsalata wani itacen ɓaure ne a gonar da na saya."

"Na wa?"

Mai kwat ya shiga duba agogo.

Aka kira Si Layashi, tsohon ya miƙe, na bi shi ciki. Alƙali bai ɗaure shi ba. Ya ce ya gyara wayar da ya yanke, mai gona kuma ya riƙa buɗe masa ƙofa duk lokacin tsinkar zaitun.