Mutumin da Ɗana Ya Zaɓa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaban taro, ranka ya daɗe manajanmu, manyan injiniyoyi, malamanmu da suka buɗe mana zaman nan da addu'a, shugaban ƙungiyar ma'aikata, ina gaishe ku. Uwar yara, mai ɗakin marigayi, ke da 'ya'yanki da ƙannensa da suka taso daga nesa, sannunku da haƙuri. Sai ku 'yan tawagarsa da kuka jeru can baya kuka harɗe hannuwa kuna harara ta, ku ma sannunku, na gan ku.

Da shugaban ƙungiya ya ce ni zan yi magana, na tambaye shi ko mutane sun ƙare ne. Ya ce a'a, ni kaɗai na rage cikin waɗanda aka ɗauka aikin gyaran wuta rana ɗaya da marigayi. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya zo don ya ji an ce ni da marigayi Malam Shikenan aminai ne, ya yi haƙuri. Abokan aiki ne, shi da tawagarsa ni da tawa, motarsa kusa da tawa a harabar ofis, kuma na yi kishinsa tun gemuna yana baƙi har ya koma haka. Masu cewa kishi kumallon mata ne ba su taɓa aiki a ofishinmu ba.

Akwai kuma maganar da ke wuyana. Manaja ya haɗe tawagar marigayi da tawa, ya ce ni zan riƙe. Cikin tawagar nan akwai ɗana na fari. Da jin haka sai ya nemi a mayar da shi reshen kamfani na wani gari mai nisa, shi da matarsa da jikata da ke zuwa kullum da safe ta ɓoye mini takalmi. Ƙa'ida ta ce ba a ɗauke ma'aikaci zuwa wani reshe sai shugaban tawagarsa ya amince, shugaban kuwa yanzu ni ne. Manaja ya ba ni zuwa yau. Zan ba shi amsa kafin in sauka, amma bari in fara sauke haƙƙin mamaci.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, ga yadda yake. Kafin mutum ya hau falwaya ya taɓa waya, sai wani ya je inda makunnin layin yake, wani lokaci a wata unguwa daban, ya kashe, ya sa kwaɗo, ya kira ya ce ya kashe. Wanda ke kan tsani ba ya ganin makunnin nan. Maganar ɗan'uwansa ce kawai gare shi, sai testa, na'urar gwada ko da wuta, da zai ɗora wa wayar kafin ya kai hannu.

Ni ban taɓa yarda da "na kashe" ba. Gani ya kori ji. Sai na shiga mota na je da kaina, na jijjiga kwaɗon, na jefa makullin a aljihuna, sannan in dawo in ce wane hau. Shi ya sa kuka sa mini Bari-in-gani. Kuna tsammanin ban sani ba? Har mai shayin bakin ofis da shi yake kira na idan na juya baya. Shi kuwa marigayi, da an kira an ce an kashe, sai ya ce "shi ke nan", ya ɗaura bel ya kama tsani. Shi ke fara hawa, ko da wanda ya kashe ɗin makonsa na farko ke nan a aiki, kuma makulli yana hannun wanda ya kashe har a gama. Daga nan sunan ya bi shi.

Ya kasance mutumin da idan ya ba ka aiki ba ya tsayawa a kanka. Ya kasance idan aiki ya yi kyau, sai ya tura wanda ya yi ya je ya ba injiniya bayani da bakinsa, shi yana baya yana kaɗe hularsa. Ya kasance ba ya tsawa, amma ba a yi masa ƙarya sau biyu. Akwai wanda ya ce masa ya ɗaure waya alhali bai ɗaure ba, kashegari mutumin ya tsinci kansa a ofis yana jiran a ba shi wata tawaga. Ya kasance idan iska ta karya falwayar asibiti ko ta layin masu niƙa, mu mutanen garin nan motarsa muke fara gani, ruwa na dukan su suna aiki suna tsokanar juna. Uwar yara, ke shaida ce, sau nawa abincinsa ya huce a kwano saboda wutar wata unguwa?

To ni kuma fa? Ku duba tarihi. Tawagata ba a taɓa samun wanda ko yatsa ya ƙone ba. Takardun yabo na jere a bangon ɗakina, shi ko ɗaya ban ga ya rataye ba. Amma duk lokacin da aka buɗe canjin tawaga, wurinsa ake rububi. Da safe bayan motarsa dariya kamar gidan biki, tawa kuwa shiru kamar ɗakin jarrabawa. In wuce in yi kamar ban ji ba. Na ce sakaci ne da shi, na ce neman suna yake, na ce wata rana a kan falwaya za a sauko da shi. Hassada ga mai rabo taki ce, kuma wallahi na zuba masa takin nan buhu-buhu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Da ɗana ya gama makarantar koyon sana'a aka ɗauke shi, na sa aka ba ni shi. Wa zai kula da shi kamar ni? Ban bar shi ya kashe layi ba, ban bar shi ya hau ba sai ina riƙe da tsani. Miƙo filaya, naɗe igiya, shiga mota. Idan ya yi ƙorafi in ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau falwaya ba zai hango ba. Rannan kawai na shigo ofis na tarar da shi yana loda kaya a motar Shikenan. Ya nemi canji bai gaya mini ba. An ce ɗa na kowa ne, ban san a kan nawa za a gwada ba.

Ba a daɗe ba abin da nake tsoro ya faru. Sun je gyara a bayan kasuwa, aka tura shi kashe layi. Makunni biyu ne a jere, lambar ɗaya ta goge, ya kashe na unguwar maƙwabta ya kira ya ce ya kashe. Shikenan ya hau. Ya ɗora testa sai ta kama ƙara. Da a ce ya yi gaggawar kai hannu, da tuni an yi wannan taron, kuma da ɗana ne sila.

Ba daga bakin ɗana na ji ba, wannan ne ya fi ci mini rai. A harabar ofis na ji direbobi suna zancen. Na tafi a fusace na sami Shikenan yana cire safar hannu, na ce ya dawo mini da yarona, kuma maganar ta tsaya tsakaninmu. Ya ce ai na makara, yaron ya riga ni zuwa wurin injiniya da ƙafarsa, ya faɗi abin da ya yi, ya kuma tara 'yan tawaga ya faɗa musu. Shi ma Shikenan ya bi shi ciki, ya ce a rubuta masa gargaɗi tare da yaron, tunda shi ne shugaba kuma ya san lambar ta goge bai sa an gyara ba. Aka rubuta musu su biyu. Na ce to yanzu sai ya ajiye shi a naɗe igiya ko?

Ya ce, "Gobe shi zai kashe mini."

Na ce ashe haukar tasa ta kai haka.

Ya ce, "Yau duk garin nan babu mai karanta lambar makunni kamar ɗanka. Wa zan tura in ba shi ba?"

Kashegari ya miƙa wa yaron kwaɗo, kuma ya hau. Ni da na haife shi ban taɓa riƙe masa amana ta minti ɗaya ba, ga wani ya ɗora ransa a kan maganarsa bayan ta kusa halaka shi. Tun daga ranar yaron ya canza tafiya, ya canza magana. Ya fara ce masa Baba. A gabana yake faɗa, Baba ya ce kaza, sai in waiga in ga ashe ba ni ake nufi ba. Ya kamata in je in yi wa mutumin nan godiya. Ban je ba, na ƙara jin haushinsa ne.

Da ciwo ya kwantar da shi, na ce yanzu za a ga ƙarshen tawagar dariya. Babu abin da ya canza. Suna fita a kan lokaci, suna raba aiki a tsakaninsu, da yamma su biya asibiti su gaya masa har kuskuren da suka yi. Ni kuwa da zazzaɓi ya taɓa kayar da ni, a gindin bishiya tawagata ta yini, saboda makullin kwaɗo yana aljihun rigata a gida. Shi kuma a kan gadonsa ya cika, ba a kan falwaya ba, 'ya'yansa na kewaye da shi. Ko a nan ma sai da ya ƙaryata ni.

'Ya'yansa, ku saurare ni. Za ku ji mutane da yawa suna yabon mahaifinku, wasu don kunya, wasu don al'adar zaman makoki. Nawa ku riƙe shi da kyau, don ya fito ne daga bakin wanda ya yi shekaru yana neman aibinsa bai samu ba. Uwar yara, mu ma'aikata mun ci lokacinki da yawa, ki yafe mana. Ƙofar kowannenmu a buɗe take gare ki, har da tawa, in kin iya jure fuskata.

Saura maganar ɗana. Shekaranjiya na same shi a ƙofar gidansa yana wanke babur. Na ce ya janye, zan canza, shi zai riƙa kashewa ni in hau. Bai ɗago ba sai da ya matse tsumman hannunsa.

Ya ce, "Baba, na san za ka hau. Amma don kada in tafi za ka hau, ba don ka yarda ba. Ni kuma ba zan natsu a kan makunni ba. Tafiyar nan ta fi mana alheri, ni da kai."

Na koma gida na ɗauki waya. Ina da sanayya a reshen can, zan kira in ji wane ne shugaban tawagar, yaya motarsu, tsaninsu na ƙarfe ne ko na katako, wace unguwa zai zauna. Na daɗe da wayar a hannu, sannan na ajiye. Ban kira kowa ba, har yanzu ban san komai a kan wurin ba, kuma abin yana ci na kamar me.

Ranka ya daɗe manaja, ga amsarka a gaban jama'a. Yaron ya ce tafiyar ta fi alheri, na ɗauki maganarsa. Na amince, a sake shi. Uwarsa, daina kallo na haka, a gida ma yi magana.

Na gode wa shugaban taro da ya bar ni na wuce lokaci, na gode wa iyalin marigayi da suka saurari abin da ba a saba faɗa a irin wannan wuri ba, na gode muku duka.

Allah Ya jiƙan bawan nan naKa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Allah Ya tsare duk wanda zai hau falwaya gobe da wanda zai kashe masa. Ɗana kuma, ya Allah, Ka haɗa shi a can da shugaba irin wannan, ko da shi ma zan yi kishinsa.

Amin. Wassalamu alaikum.