Yadda "Tsohon Mashigi" Ya Tara Mutanen Tungar Kolo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da iyalan gidansa.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Abdulmannan Auyo; wakilin mai girma Hakimi; Sarkin Ruwa da tawagarsa ta masunta; malamaina da abokan aikina na makarantar 'yan mata; iyayena mata da suka sauke tukwanen turara shinkafa suka zo; direbobin tasha; matasan da suka cika bayan ɗakin nan har bakin taga; jama'ar Haɗejiya da baƙinmu na Jahun da Kaugama, Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Zulfa Umara. Ni malamar makaranta ce, ba mawaƙiya ba, kuma ba ni ya kamata in tsaya a nan ba. Wanda ya kamata ya tsaya ƙanena ne, Misbahu, wanda ya yi kundin waƙoƙin nan mai suna "Tsohon Mashigi", kundin da ya tara mu yau. A Fatakwal yake zaune yanzu. Don haka ina gode wa ƙungiyar masu sauraro da ta shirya wannan zama, ina kuma gode muku da kuka yarda yayarsa ta yi magana a madadinsa.

Abu na farko, inda waƙoƙin nan suka fito.

Mu 'yan Tungar Kolo ne, wani ɗan ƙauyen masunta a fadamar Auyo. Mahaifinmu, Malam Umara, Allah ya jiƙansa, yana da wata rediyo mai kaset da yake ɗaurewa a goshin kwalekwalensa. Laima ta taɓa kaset ɗin, sai muryar mawaƙi ta riƙa ja tana rawa, ga wani shuu a ƙarƙashi kamar yayyafi a kan jinka. Da la'asar, tun kafin mu hango shi, wannan sautin muke fara ji yana tahowa a kan ruwa, sai mu ruga mashigi. Daga baya doguwar ciyawar nan ta kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya ragu, sannan aka yi ambaliyar da ta kwantar da gidajenmu. Kowa ya ɗauki abin da ya iya ɗauka. Wasu suka yi Jahun, wasu Kaugama, mu muka shigo Haɗejiya. Baba yana can a maƙabartar tunga, bai biyo mu ba.

Da Misbahu ya girma ya koyi jita, ba kamfanin da ya ɗauke shi, ba ubangidan da ya tsaya masa. A ɗakin zauren gidana ya naɗi waƙoƙin nan, shi da abokinsa Hussaini mai piyano. Ranar da ya fara kunna min, na ce, "Misbahu, ai sautin bai fita ba, kamar na'urar taku ta lalace." Ya yi dariya ya ce, "Yaya, da gangan ne. Ba na so ya fito tas. So nake ya fito kamar yadda muke jin Baba yana dawowa."

Abu na biyu, yadda aka fara karɓarsu. Zan faɗa yadda yake, domin da yawa daga cikinku kuna nan lokacin.

Ba a karɓe su ba. Masu sa kiɗan biki suka ce ba wurin taka rawa. A teburin mai shayi wani ya tambaye shi a gaban jama'a, "Wai waƙa ka yi ko ta'aziyya?" Tsararrakinsa suka ce yaro ne ya ari muryar tsofaffi. Misbahu ba mai yawan magana ba ne. Ya yi murmushi, ya ci gaba da gaisawa da kowa, amma ya daina taɓa jita. Da damina ta wuce ya same ni ina shanya ya ce, "Yaya, na samu aikin dako a Fatakwal." Na ce, "Waƙar fa?" Ya ce, "Na faɗi abin da nake da shi, ba wanda yake buƙata." Ya tafi.

Abu na uku, shi ne abin da ya faru bayan tafiyarsa, kuma a nan nake roƙonku ku saurara da kyau, domin shi bai gani ba.

Malam Shu'ibu direba, ga shi can ya sunkuyar da kai, yana jigila tsakanin Haɗejiya da Kano. Wata rana ya kunna kundin a motarsa don kawai ya gaji da abin da ya saba ji. Ya ce hayaniyar fasinjoji ta riƙa raguwa har motar ta yi tsit. Da aka zo waƙar da Misbahu yake kiran sunayen mashigai da tafkunan da kacala ta cinye, sai wata dattijuwa a baya ta ce, "Ɗan nan, mayar da ita." Ya mayar. Ta sake cewa ya mayar. Sannan ta ce, "Wanda ya san waɗannan sunaye ɗan Tungar Kolo ne. Ɗan wa ne?" Shu'ibu ya ce, "An ce ɗan Malam Umara ne." Dattijuwar nan ita ce Baba 'Yar'azumi, ungozomar da ta yanke wa Misbahu cibiya. Tun ambaliya ba mu san inda take ba, ita ma ba ta san inda muke ba. Shu'ibu ya yi mata kwatance, washegari ta yi sallama a ƙofar gidana. Ga ta nan zaune a sahun gaba.

Daga nan abin ya bi waya. Wannan ya tura wa wancan, wancan ya tura wa ɗan'uwansa a Legas. Wanda ya ji sai ya tambaya: su wane suna raye? Wance ta yi aure? Mutanen da ruwa ya raba, waƙa mai sanyi ta riƙa nuna wa kowa inda ɗan'uwansa yake. Ba mutanen tungarmu kaɗai ba. Ɗalibata Mansura, wadda aka haifa a cikin gari, ba ta taɓa shiga kwalekwale ba, ta ce min, "Malama, idan na ji sai in ji ina kewar wani wuri, kuma ban san ko ina ne ba."

Ba zan ce kowa ya so su ba, har yau. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce min waƙoƙin nan suna tono abin da Allah ya riga ya rufe, kuma mutum ba ya noma yana waiwaye. Wani matashi ya ce Misbahu yana kukan zamanin da bai rayu a ciki ba sai da ƙuruciya. Na ji maganarsu, kuma akwai gaskiya a ciki. Amsata ita ce: mun yi shekaru ba ma waiwaye, ba ma ambaton sunan tunga a gaban iyayenmu don kada su yi kuka, kuma shirun bai warkar da kowa ba. Ba mu koma ba, ba mu manta ba, muna nan a tsakani.

Abu na ƙarshe. Sarkin Ruwa ya sa an sare kacala an buɗe siririyar hanya zuwa kufan Tungar Kolo. Gobe da hantsi, in Allah ya yarda, za mu shiga kwalekwale mu je mu ziyarci kaburburan iyayenmu, karo na farko tun da muka fito. Na kira Misbahu na gaya masa duk wannan. Ina jin ƙarar manyan motoci a bayansa. Sannan ya ce, "Yaya, da gaske mutane suke, ko tausayina suke ji?" Na ce, "Zo ka duba fuskokinsu da kanka." Ya ce, "In na samu mota."

Ban sani ba ko ya samu. Wayarsa ba ta shiga tun safe, kuma ina fata hanya ce. Masu ɗaukar wannan taro a waya, ku tura masa. Misbahu, ɗan Baba, ba tausayi ba ne. Kujeru sun ƙare a ɗakin nan, mutane suna tsaye a rana. Mun bar maka wuri a kwalekwalen farko, kusa da Baba 'Yar'azumi, kuma ta ce in ba ka iso da hantsi ba, ba za a tura kwalekwalen ba sai rana ta take tsaka.

Allah ya jiƙan waɗanda muka bari a tunga, ya haskaka makwancinsu. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya tsare gonakinmu da gidajenmu daga wanda ya fi ƙarfinmu. Allah ya kai kowa gidansa lafiya, wanda kuma yake kan hanya, Allah ya iso mana da shi.

Na gode.