Karanshaf a Cikin Buhu

A tashar Gwarzo wani dattijo ya zauna kusa da wani mutum da ke rungume da buhu.

"Sannu Malam. Ƙarfe ne wannan?"

"Karanshaf ne, Baba, na cikin injin tsohuwar motata mai silinda huɗu. Sabo fil na saya, ya karye gida biyu ina cikin gudu. Saura ƙiris mu faɗa ƙarƙashin gada."

"Subhanallahi! Ai ni ma sabo aka sa wa tawa jiya. Na asalin ya yi wuyar samu."

"Ka ƙwanƙwasa shi da sifana kafin a ɗaura? Lafiyayye amo yake yi kamar ƙararrawa."

"Mai kayan ya hana. Wai bugu yana ɓata sabon ƙarfe."

"Ni ma haka aka ce mini. A shuɗin kwali ya zo?"

Dattijon ya gyaɗa kai, ya zaro wayarsa daga aljihu.

"Baba, ina motar take?"

"Ɗana Muhsin ya kwashi jikokina zuwa Kabo. Don Allah kira mini shi. Ga wayar."

"Tana shiga, Baba, amma bai ɗaga ba."

"Ba zai ɗaga ba. Ni na hana shi taɓa waya in yana tuƙi."