Rufin da Babu Azara Ko Ɗaya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Bello ne daga Gangara. Fari ya kashe muna itatuwa, azara ta gagara samu, zafin rufin kwano kuwa yana kwantar da Innata. Sai wani magini daga Nijar ya ce zai rufa mata ɗaki da tubali zalla, kamar ƙwarya a kife. Na ce, "Malam, binne ta za ka yi da rai?"

Da ya gama, shi da ƙarti biyar sunka hau sunka yi ta tsalle, ko ƙasa ba ta zubo ba! Jiya da azahar, rana na ƙuna, Inna ta ce, "Bello, miƙo min mayafi."

In maginin nan yana saurare, ina gaishe shi. Don Allah ya yafe min maganata.