Kaifin Da Ya Ɓuya Ƙarƙashin Takarda

Mai girma Shugaban wannan ƙungiya tamu ta masu sana'ar hannu a cikin gida. Iyayenmu dattawa da suka kafa ta tun wasunmu ba su san yadda ake riƙe guduma ba. 'Yan kwamitin ladabtarwa su biyar da ke zaune a gaba. Mai kantin magani, wanda ya rufe kantinsa da rana tsaka ya zo. Ƙanwata ma'aikaciyar kantin, da ke zaune da hannu a naɗe, tare da maigidanta. Kafintoci da maƙera, masu walda da masu ɗinki, maza da mata. Da ku da kuka rasa kujera kuka tsaya a bakin ƙofa: assalamu alaikum, gaisuwa ɗaya ga kowa, babba da ƙarami.

Ina godiya ga Shugaba da ya ba ni minti goma. Ina godiya ga kwamiti da ya ga na isa a kira ni. Ina kuma roƙonku tun yanzu, duk abin da za ku ji daga bakina, ku bar ni in kai ƙarshe, domin in aka katse ni ban tabbata zan iya ɗorawa ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce ake kira Inna Mai Roba. Shekara goma sha huɗu ke nan ina yanka fallen roba mai kama da gilashi a garejin gidanmu. Kowa ya san abin da ya tara mu. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce, allon roba da aka kafa a kan kantar kantin magani ya yanki wannan baiwar Allah a bayan hannu, sai da aka yi mata ɗinki bakwai. Ni na yanka allon, Baba Dogo ya kafa shi. Kwamiti ya yi bincike, ya ce sakacin Baba ne, kuma yau za ku ɗaga hannu: a karɓe katinsa na ƙungiya har tsawon shekara guda, ko a bar masa. Kun san in babu katin nan babu kantin da zai kira shi aiki. Kun kuma san mutum mai shekara sittin da takwas in ya ajiye kayan aiki shekara guda, to ya ajiye ke nan. An kira ni ne in bayyana muku yadda ake kashe kaifin roba, don ku gane girman sakacin kafin ku yanke hukunci. To, zan bayyana.

Abu na farko, aikin kansa. Roba mai kaurin milimita biyu ko uku, da zarar zarto ya ratsa ta, bakinta ya zama wuƙa. Ba ta nuna haka a ido, fes za ka gan ta, amma ka goga yatsa ka sha mamaki. Don haka ba ta barin hannun mai yanka sai an kashe mata kaifi, wato a ɗan fere kusurwar bakin a karkace, a ɗauke abin da bai wuce kaurin farce ba. Masu gaggawa suna kai ta inji. Ni ba na kai siririyar roba inji, domin ba ta da nauyin da za ta tsaya wa haƙorin ƙarfe: sai ta yi ta karkarwa, inji ya fizge ta, ko ya gutsure bakin, ko zafi ya narka shi. Ni ina shimfiɗa ta a kan katako mai kauri, in ɗora wani katakon a sama, in matse su tsam, bakin kawai ya leƙo waje. Sannan in ɗauki makankari, in karkata shi, in ja shi zuwa gare ni a hankali, ja ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, har roba ta riƙa fitowa siririya a nannaɗe. Sai samfefa mai laushi ta biyo baya.

Ku riƙe wannan, don a kansa maganata take: kowane baki kusurwa biyu gare shi, ta gaba da ta baya. In ka kashe ta gaba, sai ka kwance, ka juya allon, ka sake matsewa, ka kashe ta baya. Kuma sabuwar roba tana zuwa da takarda manne a fuska biyu don kada ta karce. Ba a ɓare takardar nan sai an gama kafawa. Abin da ake yi, a naɗe ta baya kaɗan, faɗin yatsa ɗaya daga baki, a fuskar da ake aiki. In na gama duka, ina da wani tsohon gyale shara-shara da nake ja a kan kowane baki. In ya zame sumul, aiki ya yi. In ya kama zare ko ɗaya, a koma. Da gyalen nan na yi suna, da shi kuma na ci mutuncin mutane da yawa a wannan ɗaki. Ga Mai Walda can yana sunkuyar da kai, bara na ja shi a kan ƙofar da ya yi, a gaban mai gidan, na ce masa wannan ƙofa ce ko reza. Ban manta ba, shi ma na san bai manta ba.

Abu na biyu, abin da kwamiti ya gano. Kwamiti ya tambayi Baba Dogo ko ya taɓa allon da zarto a wurin kafawa. Baba bai iya ƙarya ba, ya ce ƙwarai, bangon kantin ya karkace, sai da ya rage faɗin yatsa a gefen dama kafin allon ya zauna. Aka tambaye shi ko ya kashe kaifin wurin. Ya ce ya goga samfefa, amma ba zai rantse ya fita tas ba, don kwanan nan idonsa yana yi masa hazo-hazo. Shi ke nan, aka rufe littafi. Tsoho ya yi yanka, tsoho ba ya gani sosai, hannu ya yanke, me ya rage?

Ranku ya daɗe 'yan kwamiti, ba raini ba, tambaya ɗaya ta rage, kuma ba ku yi ta ba. Ba ku tambayi wane baki ne ya yi yankan ba. Gefen daman da Baba ya rage yana cikin ramin katako, a lulluɓe, ko da gangan mutum ya so taɓa shi ba zai iya ba. Allon nan yana da 'yar taga a ƙasa, inda ake miƙa magani a karɓi takarda. Ƙanwata, ki gyara mini in na yi kuskure: kwalbar maganin tari ce ta gangara za ta faɗa ta wajen mai saye, kika zura hannu da sauri ta tagar don ki tare ta, bayan hannunki ya daki bakin tagar na sama, ta ciki, ta ɓangarenki. Haka ne? Kun ga ta gyaɗa kai. To, jama'a, tagar nan zarton Baba bai kusance ta ba. A garejina aka yanka ta.

Shugaba, na ga kana duban agogo, na kuma ji hayaniya ta tashi a baya. Don girman Allah ku saurara, ban zo wurin mai wuyar ba tukuna.

Abu na uku, abin da ya faru a garejina. Garejin nan rabi nawa ne, rabi na motar maigida, kuma ƙa'idarmu ita ce ƙarfe biyar na yamma in janye teburina mota ta shiga. Ran nan na gama bakuna huɗu na waje, gaba da baya. Na matse tagar, na kashe kusurwarta ta gaba. Ina shirin kwancewa in juya, sai hadari ya taso, ga maigida a bakin ƙofa yana danna hon kamar an biyo shi. Na kwance allon, na jingine shi a bango, na janye tebur, na shiga kwashe shanya. Washegari da safe Baba ya zo ɗauka. Na ga ɓawon roba a nannaɗe a ƙasa, zuciyata ta ce ai kin gama. Na ɗauko gyale na ja a baki huɗu, sumul. Na ja a tagar, sumul. Na ce Baba ɗauki, aikina ba ya buƙatar duba biyu. Haka na faɗa, da bakin nan, har da ɗaga kai.

Me ya sa gyalen bai kama ba? Domin takardar baya ta bakin tagar ban naɗe ta ba, tunda ban yi aiki a wurin ba. Ta ɗan zarce bakin, ta lanƙwashe a kan kusurwar, ta rufe kaifin ruf. A kan takarda gyalena ya bi, ba a kan roba ba. Da na sunkuya na duba da ido, takardar da ba a naɗe ba ta isa ta gaya mini komai. Ban sunkuya ba, domin na yarda da gyale, na kuma yarda da kaina fiye da kima. Baba ya kai, ya kafa, ya ɓare takarda daga ƙarshe kamar yadda ake yi, ya tafi ya bar wuƙa a buɗe bai sani ba. Ba aikin mai kafawa ba ne ya laluba bakin da Inna Mai Roba ta ce ta gama.

Za ku ce yaushe na gane. Wallahi da zan iya cewa jiya, da na ji sauƙi. Washegarin haɗarin na gane. Na je dubiya, na roƙi mai kanti ya nuna mini allon, ya kai ni ɗakin ajiya inda aka jingine shi bayan an cire. Yana nan zaune, zai shaida. Da ya juya amsa waya, na zaro gyale na ja a bakin tagar ta ciki. Ga shi nan a hannuna, ku duba, ku da ke baya ma ku duba. Ba zare ya kama ba, rabewa ya yi gida biyu. Na dunƙule shi na cusa a jaka, na fito na ce wa mai kanti Allah ya kiyaye gaba.

Kwana goma na yi shiru. Na yi shiru ranar da kwamiti ya zauna. Na yi shiru ranar da aka aiko mini takardar gayyatar nan, har na ji wani daɗi a raina wai ni ce gwanar da za ta koyar. Na ce wa kaina ai ba ni na ɗora masa ba, shi ya amsa da bakinsa. Na ce wa kaina shi tsoho ne, ko yau ko gobe zai huta, ni kuwa yanzu nake tsakiyar aiki. Kunya nake ji ina faɗin wannan, amma haka na yi tunani, kuma gara ku ji shi daga gare ni.

Abu na ƙarshe. Shekaranjiya da hantsi ina gareji sai ga sallamar Baba. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya, hularsa a hannu. Mutumin da ya kafa mini allon farko da na taɓa sayarwa, mutumin da ya girmi babban wana. Ya ce, "'Yata, na zo ne ki yafe ni. Kin ba ni aiki mai tsabta na je na ɓata miki suna." Ya ce ya riga ya naɗe tef ɗinsa na awo da zartonsa ya sa a ƙarƙashin gado, ko an bar masa kati ba zai ƙara taɓa aikin mutane ba, tunda idonsa ya kai ga zubar da jini bai gani ba. Ku san me na ce masa? Na ce, "Ba komai Baba, na yafe." Ni! Ya yi mini godiya har sau uku, ya sa hularsa ya tafi, yana laluben bango da hannu a hanyar da ya shekara goma sha huɗu yana bi ba laluba.

Jama'a, yanka hannu kuskure ne, kuma zan amsa shi a gaban ƙanwata da maigidanta yadda suka ga dama. Amma na sa lafiyayyen mutum ya daina yarda da idonsa, wannan ba kuskure ba ne, da sanina na yi.

Don haka, mai girma Shugaba, ina roƙon a gyara takardar da ke gabanka kafin a ɗaga hannu. Dokar ƙungiyarmu ta ce a karɓe katin wanda aikinsa ya ji wa mutum ciwo. Dokar daidai take, ni ma na ɗaga mata hannu ranar da aka kafa ta. Sunan ne ba daidai ba. Ga katina, na ajiye a kan teburinka, kada wani ya tashi roƙa mini sassauci.

Baba, kada ka tashi, zauna, ni ya kamata in zo inda kake. Ka daina girgiza kai, ka dube ni. Yafiyar da ka nema a ƙofata, ba ka da laifin da za a yafe, ni kuma ba ni da hurumin bayarwa. Gefen da ka rage na taɓa shi da yatsana ran nan a ɗakin ajiya, sumul yake, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Idonka ƙalau yake, Baba. Ka je gida ka jawo zartonka daga ƙarƙashin gado.

Allah ya ba ƙanwata lafiya, ya mayar mata da ƙarfin hannunta. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci ko a kan wa ya faɗa. Allah ya tsare hannuwanmu daga cutar da bayinsa, ya tsare bakunanmu daga shirun da ke cutarwa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Baba, yanzu ni ce a bakin ƙofarka, kuma ba sai ka amsa yau ba.

Na gode.