Kwale-kwalen Oga Binadi

Kuɗin motar da na bar Fakku da su, na tunkiyar innata ne. Da kanta ta ja ta har kasuwar Kebbe ta sayar, ta ƙulle kuɗin cikin tsumma, ta ɗinke mini a ƙugun wando. Babana bai ba ni ko anini ba, don shi bai ga dalilin tafiyar ba. Masunci ne, ubansa ma masunci, yana ganin wanda ke da gulbi bakin ƙofa ba shi da abin nema birni. Ni kuwa lokacin nan ba abin da na tsana kamar ƙarnin kifi. 'Yan matan garinmu ɗan ƙarni suke ce mini, har da kakarku, Allah Shi jiƙanta, ita ma ta fi kowa. Na rantse na bar su ke nan har abada.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kowa na cewa Kaduna aiki na neman mutane. Na taka a ƙasa har Tambuwal, na hau bayan wata motar gyaɗa, daga baya na kama jirgin ƙasa a Gusau. Ku yanzu da babur kuke zuwa Tambuwal ku dawo kafin la'asar, har kuna kukan hanya ba ta da kyau.

Masaƙa na nufa, can Kakuri. Kullum da safe mu yi cincirindo bakin ƙofa, wani mai gajeren wando shi fito shi ce, "Nobakansi." Ni na ɗauka sunan Baturen wurin ne, ana faɗa muna bai iso ba. Sai da na gaji na tambayi na kusa da ni, "Wai shi wanga Nobakansi yaushe shika zuwa aiki?" Mutumin ya yi dariya har ya zauna ƙasa. Ashe cewa ake babu gurbi.

Ɗaki na samu gidan wata Bayaraba mai sayar da garin rogo, Iya Sikira. Ba ta taɓa kiran sunana ba, Sokoto take ce mini. Mace ce mai faɗa da kowa, har da kajinta. In na yi alwala tsakar gida, na jiƙa mata ƙasa. In na yi waje, na nuna wa maƙwabta gidanta ba ruwa.

Da masaƙa ta ƙi, sai na koma dako. Wata rana muna sauke katako daga mota bakin wani shagon kafinta, mai shagon ya ga na ɗauki gizagonsa ina duba kaifin. Inyamuri ne, gajere, mai furfura a gemu, da fensir bayan kunne. Sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshena, sai na yanke shi na ce Oga Binadi, ya kuwa bi shi. Hausarsa ta Sabon Gari ce, namiji da mace duk ɗaya gare shi.

Ya ce, "Ke, kin san wannan?"

Na ce, "Ni namiji ne."

"To, namiji, kin san shi?"

Na ce na taɓa taya wani sassaƙar kwale-kwale a garinmu. Ya ce in zo gobe.

Yara, ban taɓa aiki ƙarƙashin mai masifa irin Oga Binadi ba. Kalmarsa ɗaya ce, "mejamen." Da farko na zaci wani babban soja ne yake tsorata ni da shi. Ashe awo yake nufi. Ni na saba da awon ido da taƙi, shi kuwa sai da tsinken ƙarfensa mai lamba. In yanka katako, shi ɗora shi kan ɗan'uwansa, shi nuna mini ratar da ko gashi ba ya shiga.

"Wannan mene ne?"

"Oga, ai ido ba ya gani."

"Ido ba ya gani, ruwan sama yana gani. Sake!"

Sau da dama na ajiye zarto na ce na bar aiki. Sai shi ce, "Sauka lafiya." In kai bakin titi in tuna ba ni da wurin zuwa, in dawo in ce na manta hulata. Shi kuma shi yi kamar bai ji ba, shi miƙo mini guduma.

Ran Lahadi, wadda suke ce wa Sande, ba a buɗe shago. Wata Lahadi ya aiko ɗansa ya kira ni bayan sun taso coci. Na zaci wani aikin ne. Na tarar da shi da doguwar sanda siririya da ɗan gwangwani. Ya ce in raka shi gulbi, su za shi yi. Na ce cikin raina, ikon Allah, na gudo wa kifi tun daga Fakku, ga shi ya riga ni zuwa Kaduna.

Amma irin sunsa ban taɓa gani ba. Ba koma, ba gora, ba ma tana. Ƙugiya ce yake ɗaure wa gashin zabo da jan zare, shi naɗa, shi gyara da ɗan almakashi, har ta fito kamar wata fara mai fiffike. Wai wurin wani Bature da ya yi wa aiki yana saurayi ya koya. Sai shi tsaya cikin ruwa iya gwiwa, shi yi ta wurga ta yana jawowa. Na ce, "Oga, kifin Kaduna wawa ne da zai ci gashi?" Ya ce in yi shiru, kifi na jin Sakkwatanci. Bai daɗe ba kifin nan tsage ya kama. Ya yi ta fama da shi, ya jawo shi, ya cire ƙugiya a hankali, ya duba shi, sannan ya mai da shi ruwa.

Na ce, "Oga, lafiya?"

"Yarinya ce. Ta je ta girma."

"Garinmu wanda duk ya yi haka, wurin malam aka kai shi a yi mai rubutu."

"Garinku kuna cinye yara, gobe ku ce ruwa ba kifi."

Haka kuma in ya kama mai ƙwai, sai ta koma. Babba ɗaya ko biyu yake ɗauka, ya raba muna. In na kai nawa gida, Iya Sikira ta taso, wai na cika mata gida da ƙarni da ƙuda. Ta ƙwace, ta ce ita za ta gyara don kar in ɓata mata wuri. Kai da wutsiya ke dawo mini.

Abin mamaki, mutumin da ke zagina tun daga Litinin har Asabar, bakin gulbi ba ya ɗaga murya. Mu zauna kan dutse, shi ci gyaɗa, in lokacin salla ya yi shi tsare mini takalma. Ya koya mini ɗaurin gashin nan, yatsuna sunka ƙi, nawa kullum kamar kazar da ruwa ya doka. Ni kuma na koya mai gane inda giwan ruwa ke kwanciya. Can na fara jin daɗin ruwa, abin da ban taɓa ji ba gida, don gida in ba ka kamo ba, ba a ɗora tukunya.

Shi ya kawo zancen kwale-kwale. Akwai wani wuri mai zurfi tsakiyar gulbin da sandarsa ba ta kaiwa, kullum yana hangensa. Ya ce mu yi jirgi na katako, ba na sassaƙa ba. Munka fara bayan shago da guntayen maɗaci da sunka rage daga aikin mutane. In an samu katako mai kyau a ƙara, in ba a samu ba a jira. Munka fi shekara muna abu ɗaya, rabin lokacin gardama ce. Ni in ce a ɗaga goshin, shi ya ce mejamen bai ce haka ba. Ranar da ya yarda ya ɗaga goshin, bai ce na yi gaskiya ba, cewa ya yi dama haka ya yi niyya.

Saura shafa kwalta ƙasa ta rikice. Kun ji labarin shekarar da sojoji sunka karɓi mulki, ba sai na maimaita muku ba. Bayan tashin hankalin farko, da aka far wa Inyamurai, Oga ya sa matarsa da 'ya'yansa jirgin ƙasa sunka tafi gida. Na ce shi ma ya bi su.

Ya ce, "Na fi shekara ashirin garin nan. Wa ban yi wa ƙofa ba? Wa ban yi wa gado ba?"

Na ce, "Oga, masu zuwa ba su san wa ya yi gadonsu ba."

Ya ce in bar surutu in nemo kwalta.

Ranar da abin ya dawo, da hantsi ne. Muna shago munka ji ihu daga wajen kasuwa, munka ga hayaƙi. Na ja Oga ta bayan gidaje, yana tirjewa wai bai kulle shago ba, har gidan Iya Sikira. Ban san abin da za ta ce ba, don ba su taɓa shiri ba, tana cewa shi ke koya mini taurin kai. Ta dube shi, ta dube ni. Sai ta buɗe ɗakin da take ajiye buhunan gari, ta tura shi bayansu, ta jawo wasu ta tare.

Da azahar wasu samari sunka zo da sanduna. Waɗansu na san fuskarsu, mun yi dako tare. Sunka ce an ce akwai baƙo gidan. Iya ta tsaya bakin zaure da muciya a hannu.

Ta ce, "Baƙo? Ni ce baƙuwa. Ku fara da ni."

Ni kuma na tsaya bayanta, na ce ba kowa ciki sai ni da kaji. Ɗayansu ya ce, "Ku bar su, Basakkwacen nan ne," sunka wuce. Iya ta zauna ƙasa nan inda take.

Washegari munka ji ana kwashe mutanensu a tashar jirgin ƙasa, da 'yan sanda na tsaro. Na sa wa Oga rigata ta salla da hula, na cire fensirin da ke bayan kunnensa. Na ce, "Oga, don Allah ko wa ya gaishe ka, ka ɗaga hannu kawai. Kana buɗe baki ka ce wa wani ƙato 'ke', mun mutu." Ranar ce kaɗai ya bi maganata ba gardama.

Tasha ta cika ta batse, mata da yara da ƙunshin kaya, wasu da rauni. Na tura shi ta tagar jirgi, wasu sunka ja shi ciki. Jirgin ya daɗe bai tashi ba, ina tsaye ƙasa yana leƙowa. Kun san zancen da munka yi duk tsawon lokacin nan? Kwalta.

Ya ce, "Sau biyu za ki shafa. Ki bari na farko ya bushe sarai. Kar ki yi gaggawa irin taki."

Na ce to.

"Ki cusa auduga cikin haɗin kafin ki shafa. In abin ya lafa ina dawowa, mu je wurin nan mai zurfi."

Na ce to, Oga. Jirgi ya yi kuka ya ja. Ya ɗaga hannu, rigata ta yi mai yawa, hannun rigar na lilo.

Shagon an wasashe shi, ko ƙusa ba a bari ba. Kwale-kwalen kuwa yana nan kife bayan shago, ya yi wa ɓarayi nauyi. Na cusa auduga, na shafa kwalta, na jira ta bushe, na sake shafawa. Na nemi masu amalanke munka kai shi gulbi. Ko ɗigo bai sha ba. Na tuƙa shi ni kaɗai har tsakiyar ruwa, wurin da yake hange. Na zauna can, ba sanda, ba ƙugiya, ina kallon kifi na juyi. Ban iya daɗewa ba, na juyo.

Na zauna Kaduna ina jiransa har yaƙi ya ɓarke, hanya ta rufe. Aiki ya yi wuya, aka kuma aiko babana ba lafiya. Na bar jirgin hannun wani Banufe masunci, na ce ya yi aiki da shi, amma in wani gajeren Inyamuri ya zo ya ce nasa ne, ya ba shi. Iya Sikira ta raka ni har bakin titi tana faɗa, wai na bar mata bango da tabon hayaƙi, tana yi tana share ido da gefen zane.

Na dawo Fakku ba akwati, ba keke, ba rediyo. Waɗanda munka fita tare sun dawo da su, aka yi ta yi mini dariya. Sana'ar kawai na kawo a hannuna, ita ce ta ci da iyayenku. Ƙofofin da kuke gani tsofaffin gidajen Kebbe, da yawa ni na yi su, har yau ba su karkace ba.

Da yaƙi ya ƙare, mutanensu sunka fara dawowa, wasu sunka buɗe shaguna Tambuwal. Duk ranar kasuwa sai in bi su ɗaya bayan ɗaya, masu magani, masu kayan keke, ina tambaya ko sun san wani kafinta da ya zauna Kaduna, mai kamun kifi da gashin zabo. Suna saurarena da kyau, wasu har su ba ni kujera. Sai su ce, "Baba, mene ne sunan mahaifinsa? Ɗan wane gari ne?"

Nan nika tsayawa. Shekarun da munka yi tare, na san irin gyaɗar da yake so, na san tarin da yake yi in zai fara faɗa, amma ban san sunan garinsu ba. Kullum ina ganin akwai wata Lahadi. Ko sunan da nika kiransa da shi ma, ni na laƙa mai.

Ban sani ba ko jirgin ƙasan nan ya kai shi gida.