Na Yi wa 'Yar Fim Addu'a a Majami'a

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ishaya ne daga Tasawa.

Ranar Lahadi fasto ya ce mu yi wa marasa lafiya addu'a. Na rufe ido, sai na ji ina roƙa wa yarinyar da ke kwance cikin fim ɗin da nake bi a waya. Surukata da ke jinya a Korgom ko tunawa da ita ban yi ba.

Ina komawa gida na goge shi. 'Yan fadarmu na ta tsiya: "Ishaya, ai ku ba a hana ku kallo ba." Na tambayi kaina ko na tsananta. A'a. Abin da ya bi ni har gaban Yesu ba zai koma wayata ba, kada ma a gaya mini ƙarshensa.

Ina gaida Inna a Korgom, ina tafe Asabar.